Yadda na haɗa injin ƙuri'ar mutanen Atina da katako da ƙwayar carbi

Ni malamin darasin Gwamnati ne a sakandare, shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa dimokuraɗiyya daga Girka ta faro a birnin Atina, su kwafa, ranar jarrabawa su dawo min da ita yadda na basu. Toh bara Allah ya nufa na samu zuwa Atina wani taron ƙara wa juna sani na kwana biyar, ranar ƙarshe aka bamu hutu kowa ya nufi saman Akurofolis, tudun nan mai tsofaffin gine-gine a tsakiyar birnin, ɗaukar hoto, ni kuma na sauka jirgin ƙasa a Monastiraki na taka zuwa Agora, wato tsohuwar kasuwarsu kuma dandalinsu inda kotuna da zauren majalisa suke. A gefen gabas akwai wata doguwar rumfa mai ginshiƙai da sarki Atalos na biyu na Fergamon ya gina musu, Amurkawa suka sake tada ita tsakanin 1953 da 1956 aka maida ita gidan tarihi. A ciki ne na ci karo da wani guntun dutsen marmara a tsaye, an yayyanka masa ƙananan ramuka a jere layi layi kamar allon da ake soka katin ma'aikata. Sunansa kilerotiriyon. Da irinsa suke zaɓen alƙalai da masu riƙe muƙamai, ta hanyar ƙuri'a, ba ƙuri'ar da muka sani ta dangwale ba, ƙuri'a ta asali wadda duk wanda ta faɗa kansa shikenan.

Na daɗe tsaye gaban dutsen nan wallahi. Abin da ya fara zuwa min shine kalmar kanta, mu da Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, ƙuri'a, ga zaɓe da kuma jefa sa'a, alhali su Girkawa a wajensu abu biyu ne masu hannun riga, har masanin falsafarsu Aristotal ya rubuta cewa ana ɗaukar naɗa shugabanni ta jefa ƙuri'a shine tsarin talakawa, zaɓe kuma tsarin manya ne tunda mai kuɗi da mai suna da mai baki shi ke cinyewa. Na karanta ɗan bayanin da ke jikin gilashin har sau uku amma ban gane yadda abin ke aiki ba, sai na ɗauki hotuna ta kowane ɓangare na ce in na koma gida sai na haɗa nawa.

Da na dawo na fara da karatu. Akwai wani littafi kan tsarin mulkin Atina da ake jingina wa Aristotal, ya ɓace ɗaruruwan shekaru sai aka tsinto shi a Masar rubuce a takardar fafiros, wato takardar mutanen da wadda ake yi da wata ciyawar ruwa, aka buga shi a Landan 1891, a ƙarshensa ne aka bi zaɓen alƙalai daki daki. Duk da haka sai a 1939 wani masani Ba'amurke Sterling Dow ya nuna cewa waɗannan duwatsu masu ramuka da ake tonowa sune injin da littafin ke magana. Duk shekarun da zan ambata na Girkawa daga nan kafin haihuwar Annabi Isa ne, in kaga lamba tana raguwa toh gaba ake yi.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Duk shekara mutum 6000 ne ke rantsuwar alƙalanci, kowa ya kai shekara 30, talaka da mai kuɗi duk ɗaya, ana biyan obol 3 a rana, wato ƙananan tsabar kuɗinsu, Ferikilis, wani babban jagoran Atina, shi ne ya fara kawo biyan don mai ƙaramin ƙarfi ya iya barin sana'arsa yazo. Kowa yana da ɗan katinsa na tagulla ko na katako da sunansa da na unguwarsu da harafi ɗaya cikin goma. Ranar zaman kotu tun da asuba kazo ƙofar ƙabilarku, ƙofa goma ce ƙabila goma, ka jefa katinka a akwatin da ke da harafinka. A girgiza, a zaro kati ɗaya daga kowane akwati, mai wannan katin shi zai soka sauran a ramukan dutsen. A jikin dutsen akwai bututu mai mazurari a sama, a zuba 'yan ƙwallaye farare da baƙaƙe a cakuɗe, a dinga sakinsu ɗaya bayan ɗaya ta ƙasa, fari ya fito layin farko gaba ɗaya mutum biyar sun zama alƙalan yau, baƙi ya fito su biyar ɗin su kama hanyar gida, haka har a gama layuka.

Na zana shi a takarda na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu wanda shi ke mana bencina. Ya juya takardar ya juya yace Malam wannan ba kayan caca bane kuwa? don ni bana aikin caca. Nace Baba ko kusa, ƙuri'a ce irin wadda Annabi ke yi tsakanin matansa in zai yi tafiya, irin wadda Alƙur'ani ya faɗa an jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Nana Maryam, babu kuɗin kowa a ciki. Yace toh indai wannan ce kawo. Ajin da nake so in gwada dasu SS2 ne su 60 cif, don haka muka tsaya kan jeri biyar a tsaye, kowane jeri rami 12.

Matsalar farko ramukan ne. Huda rami siriri guda 60 a falanki ɗaya kuma duk su zo daidai ba ƙaramin aiki bane, mun ɓata falanki guda kafin Baba yace a bari, ya yanko silin katako guda biyar yayi wa kowanne tsagi 12 da zarto sannan ya jera su kan filawud ya manne da gam ya bi da ƙananan ƙusoshi. A nan na ƙara girmama wanda ya sassaƙa na marmara da hannu. Katin suna kuwa na sayo ɗan katakon nan da likita ke danne harshe dashi a kemis, kwali ɗaya ya isa har da saura, yana shiga tsagin ya bar rabinsa a waje ana ganin suna.

Sai bututu, kuma a nan ne abin ya fara buɗe min. Ni na sayo hos ɗin nan fari garau da magina ke auna lebur dashi don ina so yara su dinga ganin ƙwallayen suna gangarowa. Baba yana ɗaura shi ya zuba ƙwayoyin carbi guda shida don gwaji sai ya tsaya ya kalle ni yace Malam ai wannan ta ɓaci, ga fari nan na uku ina ganinsa, in nine mai soka katin ai ɗana zan sa a layi na uku. Ban taɓa ce masa komai kan maguɗi ba, shi da kansa ya gano. Muka cire muka sa baƙin bututun wayar lantarki. Daga ranar na koma littafin da wani ido daban, sai naga kowane mataki da na ɗauka wahalar banza ce ashe wata ɓaraka yake toshewa. Me yasa mai soka kati sai an zaro shi da ƙuri'a ranar? don kada mutum ɗaya ya dawwama a wurin a saye shi. Me yasa bayan an zaɓe ka ma sai ka sake zura hannu a tulu ka zaro ɗan ƙwallo mai harafin kotun da zaka zauna, a baka sanda mai launi irin na ƙofar kotun? don kada ka zaɓi shari'ar da abokinka ke ciki, in ka shiga wata ƙofar launin sandarka zai tona ka. Me yasa alƙalai 201 ko 401 a ƙarar kuɗi, 501 a laifin da ya shafi gari, wani lokacin har 1001 ko 1501? saboda wa ke da kuɗin sayen mutum ɗari biyar da shi kansa bai san su waye ba sai da safiyar ranar. Mutanen nan sun san halin junansu sarai, basu ce kowa ya zama na kirki ba, sun gina abin ne yadda ko kana so ka cuta bazaka samu hanya ba.

Ƙwayar carbin ma ta bamu wahala. Na farko ƙanana ne, biyu su kan zo kafaɗa da kafaɗa su cije a tsakiyar bututun sai an bubbuga, wani lokacin kuma biyu su zubo tare. Na koma kasuwa na samo manya na roba masu kusan cika bakin bututun, fari da baƙi girma ɗaya. Don su dinga fita ɗaiɗai Baba ya huda ƙasan bututun wuri biyu ya zura ƙusa biyu, tazarar ƙwaya ɗaya tsakaninsu, ka zare ta ƙasa guda ɗaya ta faɗo ka mayar, sannan ka zare ta sama wata ta sauko ta zauna. Sati biyu muka yi kafin ya tsaya daidai.

Ban tsaya nan ba tunda a gidan tarihin na ga wasu abu biyu da suke tafiya tare da injin. Ɗaya agogon ruwa, suna ce masa kilefsidira wato ɓarawon ruwa, tukunyar ƙasa ce mai ɗan bututu a gindi da wata huda kusa da baki don kullum cikar ta zama ɗaya, wadda na gani tana cin wajen lita 6 da ɗan ɗori tana ƙarewa cikin kamar minti 6. Mai ƙara da wanda ake ƙara kowa shi zai yi magana da bakinsa, ruwansa na ƙarewa ya zauna. Na samu bokitin fenti na huda gindinsa da ƙusa mai zafi na dinga faɗaɗa hudar ina aunawa da agogon waya har ya tsaya minti biyar. Abin da ban sani ba sai da na gwada, ruwan da farko da ƙarfi yake tsartuwa nesa, yana raguwa yana matsowa gindin bokitin, kenan mai magana baya buƙatar kowa yace masa lokaci ya kusa, da idonsa yake gani. Na biyun kuma abin kaɗa hukunci, wani faifan tagulla ne ƙarami da sanda ta ratsa tsakiyarsa, wani sandar a toshe wani kuma da rami, mai rami na mai ƙara ne, toshasshe na wanda ake ƙara. Kowane alƙali a bashi duka biyun ya riƙe bakin sandar tsakanin babban yatsa da manuni ba mai ganin wanne ne wanne, ya jefa wanda yake nufi a tulun tagulla, ɗayan a na katako. Nawa da murfin robar lemo nayi su da guntayen bututun biro, rabi na ɗura musu narkakken kyandir, rabi na barsu haka, guda 30.

Kafin ranar sai da na raba ajin gida biyar, nan ma dabarar Kilistinis na ara, wani ɗan siyasar Atina. A 508 da ya sake tsarin Atina ya rusa tsofaffin ƙabilu huɗu na jini ya ƙirƙiro goma sababbi, kowacce ya haɗo mata yanki daga cikin birni, yanki daga bakin teku, yanki daga ƙauyukan ciki, don kada manyan gidaje su ja yankinsu gaba ɗaya. Ni ma ajina akwai 'yan gaba da 'yan tsakiya da 'yan baya kuma kowa yasan ba shiri suke ba, sai na ɗebo huɗu huɗu daga kowane ɓangare na haɗa gida ɗaya, na basu haruffa alfa, beta, gamma, delta, efsilon. Anyi gunaguni sosai ranar.

Na nemi izinin shugaban makaranta ya amince, amma wani abokin aikina malamin lissafi yace min a ofis, Malam yanzu in zaka Kaduna zaka yarda a jefa ƙuri'a a tasha duk wanda ta faɗa wa ya ja motar? Nace masa wallahi maganar da kayi ita masanin falsafar Atina Sukurat yayi, almajirinsa Zenofon ya kawo cewa ana zarginsa da faɗin wauta ce a naɗa shugabanni da ƙuri'ar ƙwayar wake alhali ba mai yarda ya ɗauki matuƙin jirgi ko magini haka. Kuma su ma Atinawan ba komai suka bar wa ƙuri'a ba, kwamandojin yaƙi goma zaɓensu ake da ɗaga hannu, shi yasa Ferikilis ya jera shekara 15 ana zaɓensa, haka ma'ajin kuɗin yaƙi da mai kula da ruwan gari. Wanda ƙuri'a ta ba muƙami kuma sai an tantance shi kafin ya hau, a tambaye shi iyayensa da kakanninsa, yana kyautata wa iyayensa, yana biyan haraji, ya je yaƙi, in shekararsa ɗaya ta cika kuma sai ya tsaya yayi bayanin kowane kwabo, duk mai ƙorafi ya fito. Bai gamsu duka ba, nima ban ce masa tsarin bashi da aibu ba.

Shari'ar da muka yi ta gaske ce ba wasan kwaikwayo ba. An fasa gilashin taga guda biyu a ajin lokacin tara, monita yace wani yaro ɗan baya ne ya buga ƙwallo a ciki, yaron yace turo shi akayi. Na tambayi su biyun ko sun yarda aji ya yanke suka ce sun yarda, na cire katinsu. Da su biyun da wani da bai zo ba ranar saura 57, kuma sai aka yi rashin sa'a biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, jerin delta ya tsaya a 10. Ƙa'idar yadda masana suka fahimce ta ita ce layin da bai cika ba baya cikin lissafi, don haka mutum bakwai da katinsu ya faɗo layi na 11 da na 12 sun fita tun kafin a saki ƙwaya ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ransa ya ɓaci yace Malam wannan zalunci ne, sai wata yarinya ta bashi amsa kafin ni, tace ai ba wanda ya zaɓa maka ƙasa, daga kwali aka zaro ka ido rufe. Alƙalai 15 muke so, na zuba fari uku baƙi bakwai.

Ban taɓa jin ajin nan yayi tsit irin na lokacin da aka zare ƙusar farko ba. Baƙi. Baƙi. Na uku fari ya faɗo cikin kwanon ya yi ƙara, aka kira sunaye biyar, cikinsu har da wata yarinya da tun farkon zango ban ji muryarta ba da wani yaro da ya maimaita aji, mutanen da in zaɓe akayi ko kusa ba mai tuna su. Duk masu bakin ajin, 'yan muhawara da masu ɗaukar na ɗaya, guda ɗaya tak ya shiga. Aka sake ƙuri'a cikin 15 ɗin aka fidda mai kula da ruwa kamar yadda suke yi, in za'a kira shaida sai ya toshe hudar da yatsa don lokacin shaida baya cikin naka. Monita ya cinye ruwansa tas, yaron kuwa yana ganin tsartuwar ta fara matsowa sai ya daburce ya bar labarin ƙwallo ya koma faɗin cewa babansa bashi da lafiya, nan ma na tuna ai masu kare kansu a Atina har 'ya'yansu ƙanana suke kawowa gaban alƙalai don a tausaya.

Babu shawara tsakanin alƙalai, ana gamawa kowa ya tashi ya jefa. Aka juye bokitin, masu rami 9 toshassu 6, laifi ya tabbata. Sai zagaye na biyu wanda shine yafi burge ni a tsarin nasu, alƙalai basa ƙirƙiro hukunci, mai ƙara ya faɗi nasa wanda aka kama ya faɗi nasa su zaɓi ɗaya, kenan dole kowa ya faɗi abin da hankali zai ɗauka. Monita yace ya biya gilashi biyun, yaron yace zai biya ɗaya ya share aji sati guda, 11 suka bi nasa 4 suka bi monita. A wannan matakin ne Sukurat ya tsaya a 399 gaban alƙalai wajen 500, almajirinsa Aflatun ya rubuta cewa da mutum 30 sun sauya da ya kuɓuta a zagayen farko, masu ƙara suka nemi kisa shi kuma ya fara da cewa abin da ya cancanta shine gari ya dinga ciyar dashi kyauta, daga baya ya faɗi tara, suka zaɓi kisa aka bashi guba ya sha. Na faɗa wa yaran wannan ranar don kada su tashi da tunanin tsarin baya kuskure, an toshe cin hanci amma ba a toshe fushin taro ba, kuma abin yana min ciwo har yanzu duk sanda na karanta.

Da aka natsu wasu 'yan baya suka ce Malam saura na tsingaro, don na taɓa basu labarin yadda sau ɗaya a shekara Atinawa ke iya rubuta sunan mutum a fasasshen kasko, wanda sunansa yafi yawa ya bar gari shekara 10 ba tare da an taɓa dukiyarsa ba. Na gansu da idona a gidan tarihin, sunan manyan garin irinsu Aristidis da Kimon da Temistokilis an ƙarce su da tsini. Nace wannan kam ba za'ayi shi a ajina ba, na kuma gaya musu dalili, an tono tsingaro wajen 190 a wata rijiya a gefen Akurofolis duk da sunan Temistokilis, da aka duba rubutun sai aka ga hannun mutum 14 ne kacal suka rubuta su, wato wasu ne suka zauna suka tanada don rabawa. Temistokilis ɗin nan shine mutumin da ya jagoranci cin Farisawa a yaƙin ruwa na Salamis a 480, kuma daga baya sai da aka kore shi ta wannan hanyar.

Ana shirin tashi yarinyar nan mai shiru da ƙuri'a ta faɗa wa ta ɗaga hannu tace Malam da a Atina ne ni zan samu kati? Nace a'a bazaki samu ba, mace bata da kati, bawa bashi da shi, baƙon da ya zauna a garin ko shekara nawa yayi yana biyan haraji bashi da shi, tun dokar Ferikilis ta 451 ma sai uwarka da ubanka duk 'yan gari ne, shi kansa Aristotal da ake jingina wa littafin baƙo ne a Atina bai taɓa zama alƙali ba. Ta kalli katin hannunta tace toh zata iya tafiya da nata gida? Nace ta tafi dashi zan rubuta wani. Sauran 59 ɗin suna cikin kwali a ofis tare da injin, zango mai zuwa dashi zamu fidda masu riƙe kuɗin aji na wata wata, na riga na gaya wa Baba ya ƙara min layi biyu a ƙasa don ance za'a ƙaro mana ɗalibai.